Tsagar da Ta Zagaye Rijiyarmu

Safiyar wata Laraba ce a farkon watan Yuli, shekarar da nake aji biyar na firamare, na fito da guga zan ja ruwan wanka, na tarar tsaga ta zagaye rijiyarmu. An kwana ana ruwa, tsakar gida ta jiƙe sharkaf, gari kuma bai gama washewa ba. Tsagar siririya ce, ba ta fi zaren ɗinki kauri ba. Ba don jerin tururuwa da na ga suna fitowa daga cikinta ɗauke da fararen ƙwayayensu ba, da na taka ta na wuce. Na bi ta da ido, na ga ta bi ta bayan rijiyar ta dawo ta haɗe da inda ta faro. Na tsallake ta na zura guga. Ruwan da ya fito ba irin wanda na sani ba ne, ja-ja ne, yana wari kamar tsohon juji. Umma ta leƙo daga madafa, ta karɓi gugan ta sansana. Sai ta juye shi a kwata ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza." Ran nan da ruwan randa na wanke fuska da ƙafa na tafi makaranta.

Gidan haya ne a can ƙarshen Kubwa, inda gine-gine suke ƙarewa gonaki su fara. Ɗakuna shida ne suna kallon juna, uku nan uku can, sai na bakwai da ya tare ƙuryar gidan, ƙofarsa tana kallon rijiya. Mai gidan ba mu taɓa ganinsa ba, ejan ɗinsa kawai muka sani, wani mai babur da kowa ke kira Oga. Mu daga Zariya muka zo. Baba mai sa tayil ne. Da ya idar da sallar asuba yake rataya jakar kayan aikinsa ya tafi bakin titi kokawar shiga bas, ya wuni a cikin gari yana shimfiɗa daɓe a gidajen da ba zai sake taka su ba bayan an gama. Umma tana suyar awara a ƙofar gida da la'asar, tana kuma da 'yar gona a bayan katanga, masara da kuɓewa da yakuwa. Aikina ne cire ciyawa a gonar ranar Asabar, da wankin kwanoni, da goyon ƙanena Nuhu wanda bai cika shekara uku ba, da cika randa safe da yamma. Sunana Hajara, sunan mahaifiyar Baba, shi ya sa bai taɓa kirana da shi ba, sai dai ya ce Uwata.

Ɗakin ƙurya na Maman Godiya ne, tela, mutuniyar wajen Kafanchan. Mijinta direban babbar mota ne, sai a yi wata ba a ga ƙeyarsa ba. Tun safe ake jin ƙarar kekenta, tana takawa tana rera waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa. 'Yarta Godiya sa'ata ce, ajinmu ɗaya, bencinmu ɗaya. A bakin rijiyar nan muka yi rabin ƙuruciyarmu. A nan muke wanki muna gasar wa zai fi tara kumfa, a nan muke zana 'yar gala-gala da gawayi, a nan muke carafke da duwatsun da muka tsinto a rafi muka goge su har suka yi santsi. Idan manya ba sa kusa, mukan kwanta rub da ciki a kan bakinta mu kira sunayenmu, mu saurari yadda take maido mana da su da wata murya mai kauri. A nan mata suke tsefe kai, a nan ake sasanta faɗa, a nan ake jin wa ya samu aiki wa aka sallama. Ranar Sallah tuwonmu yakan tsallaka ɗakin ƙurya, ranar Kirsimeti shinkafarsu ta tsallako namu.

Mako guda kafin tsagar, malamin lissafinmu, Malam Ɗanjuma, ya fitar da mu filin makaranta domin ajin ya yi mana kaɗan, mun fi ƙarfin kujerunsa. Ya kafa turke, ya ɗaura igiya, ya sa wani yaro ya riƙe ƙarshenta da tsinke ya zagaya yana jan layi a ƙasa. Ya ce wannan ita ce da'ira. Idan kana son sanin yawan filin da ke cikinta, ka auna daga tsakiya zuwa baki, ka ninka abin da ka samu da kansa, ka sake ninkawa da ashirin da biyu, ka raba da bakwai. Muka yi ta maimaitawa kamar karatun allo har aka kaɗa ƙararrawa. Wani ya tambaye shi daga ina ashirin da biyu bisa bakwai ta fito, ya ce mutanen da suka riga mu tunani ne suka gano, mu dai mu riƙe. Na riƙe ne saboda tsoron bulala. Ban ɗauka abin zai biyo ni gida ba.

Da aka gaya wa Oga, ya zo ranar Juma'a, bai ko kashe babur ba. Ya leƙa ya ce ƙasa ce take zama, haka sababbin unguwanni suke, ya ce Baba ya shafe wurin da siminti tunda sana'arsa ce, zai aiko da buhu. Washegari da hantsi Baba ya fito da tef ɗinsa. Ya ba ni kan tef ɗin na riƙe a kan tsagar ta gabas, shi ya ja ta saman bakin rijiyar zuwa tsagar ta yamma. Ƙafa bakwai. Baba bai yi boko ba, amma ban taɓa ganin wanda ya kai shi saurin lissafin ɗaki ba. A wurinsa duniya duka tayil ce, irin mai ƙafa ɗaya ta kowane gefe. Tayil ɗaya shi ne ƙafa ɗaya murabba'i, abin da su a wurin aiki suke ce wa sukwaya. Ka gaya masa tsawo da faɗi, kafin ka rufe baki ya faɗa maka tayil nawa ɗakin zai ci. Abu mai zagaye ne kawai yake gagararsa. Yakan ɗauke shi kamar mai kusurwa huɗu, bakwai sau bakwai, arba'in da tara, sannan ya rage wani abu da ka. Ina jin yana gunaguni na ce, "Baba, an koya mana wannan." Ya yi dariya ya miƙo mini guntun gawayi.

Na tsuguna na rubuta a jikin bango. Rabin bakwai uku da rabi. Uku da rabi sau uku da rabi, sha biyu da kwata. Na ninka da ashirin da biyu, na raba da bakwai, mata kuwa sun fara taruwa. Talatin da takwas da rabi. Baba ya ce to a cire bakin rijiyar, ai ba a yi wa ruwa daɓe. Bakin ƙafa huɗu ne, rabinsa biyu, na sake bin hanyar, ya ba ni sha biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Saura wajen ashirin da shida. Baba ya kwaɓa siminti daidai filin tayil ashirin da shida, ya zazzage buhun fasassun tayil da yake tarowa daga wurin aiki, ya jera su a kai, shuɗi da fari da ruwan ƙasa. Da ya gama, abin da ya rage a kwanon kwaɓi bai cika cokalin magini biyu ba. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ce wa Umma, "Kin ga Uwata ta fi tef ɗina." Kwana uku ina tafiya kamar ba na taka ƙasa. Bakin rijiyar ya yi kyau irin wanda bai taɓa yi ba, har daga maƙwabta ake shigowa kallo.

Ruwan dai bai gyaru ba. Kullum ƙara ja yake, yana kuma ƙara yin sama, har guga ya daina cin rabin igiyarsa. Muka koma ɗiba a famfon burtsatse na layi na uku, ni da Godiya, sawu huɗu kafin makaranta, sawu huɗu bayan an taso. A cikin kwanakin ne wata tsohuwa 'yar Gbagyi da ke kawo tukwane daga Ushafa ta shigo. Ta saba zuwa duk bayan 'yan makonni, kayanta a kafaɗa, kuma kullum a inuwar bakin rijiya take saukewa ta sha ruwa. Ranar ta zo har tsakiyar gida ta tsaya. Ta dubi sabon daɓen, ta dubi ƙasar da ke gefensa, ta koma da baya ta sauke a ƙofar gida. Umma ta kai mata ruwa a moɗa ta tambaye ta lafiya. Da Hausarta mai tsalle-tsalle ta ce ta san wurin nan tun babu ko bukka. Rami ne babba, inda manyan motoci suka ɗebi jar ƙasa lokacin da ake yin titi. Daga baya aka yi ta zuba shara da baraguzai har ya cika, ciyawa ta rufe, masu gini suka zo. Ta ce ita sana'arta ƙasa ce, ta san wadda Allah ya ajiye da wadda mutum ya zuba. Ba ta ƙarasa shan ruwan ba ta ɗauki kayanta.

Kwana goma sha uku bayan awon farko, aka yi wani ruwa tun daga azahar ɗin Alhamis har wayewar gari. Da safe muka ga tsaga ta biyu. Ta fi ta farko nisa, ta kuma fi ta faɗi, yatsana yana shiga. Daɓen Baba bai fashe ba ko kaɗan, amma ya karkace gaba ɗayansa kamar faifan da aka ɗaga gefe guda. Da Baba ya dawo daga masallacin Juma'a muka sake jan tef. Ƙafa goma sha huɗu, ba 'yan inci, ya ce a bar shi a sha huɗu. Wani maƙwabcinmu mai shagon kayan masarufi, mutumin Katsina, ya ce to ai ninki ɗaya ta yi, bakwai ta koma sha huɗu, a ƙaro siminti. Na ɗauki gawayi. Wannan ya fi sauƙi: rabi bakwai, bakwai sau bakwai arba'in da tara, sau ashirin da biyu, a raba da bakwai. Ɗari da hamsin da huɗu. Na ɗauka kuskure na yi, na goge na sake. Bai canza ba. Faɗin ya ninka sau biyu, filin ya ninka sau huɗu.

Ban manta fuskar Baba ba. Ya maimaita adadin a hankali, ya juya ya dubi ƙofar ɗakinmu. Ɗakunan gidan kowanne ƙafa goma ne a ƙafa sha biyu, tayil ɗari da ashirin, ya sani kamar yadda ya san sunansa. Ya ce, ba da kowa yake ba, "Ɗakinmu zai shige ciki da gado da komai, har a samu saura." Sai a lokacin mutane suka gane girman abin. Tsaga a ƙasa kowa ya saba gani, amma ramin da zai haɗiye ɗaki kowa ya iya hango shi. Mata suka fara janye yaransu. Baba ya sari turaku ya kafa a bayan tsagar, ya zagaye da igiyar shanya, ya tara mu yara ya ce duk wanda ya tsallaka igiyar nan zai gamu da shi. Baba bai taɓa dukana ba, ban kuma taɓa jin ya yi magana da wannan muryar ba.

Maza uku suka je wurin Oga. Ya ce ya ji, zai gaya wa mai gida, amma ba a cike rijiya da damina, a bari ruwa ya ɗauke. Ya ƙara da cewa wanda gidan bai yi masa ba ƙofa a buɗe take, akwai masu jira. Babu wanda ya tashi, domin babu wanda yake da wurin zuwa. Haka muka ci gaba da zama da abin a tsakiyarmu. Kajin Umma da suka saba kiwo a gindin rijiya suka daina zuwa wajen, sai su bi jikin bango su wuce. Idan gida ya yi shiru da rana, mukan ji wani abu yana faɗawa ruwa, ɗis, sai can kuma ɗis, ƙasa ce take zubewa daga ciki. Wata rana ƙwallon robar Nuhu ta kuɓuce masa ta shige ƙarƙashin igiya. Babu iska, babu wanda ya taɓa ta, muna kallo ta mirgina a hankali, ta ƙara sauri, ta hau daɓen ta faɗa. Nuhu ya yi ta kuka. Godiya ta kama hannuna ta matse. Muka daina 'yar gala-gala, muka daina waƙa idan za mu wuce. Ƙofar Maman Godiya kuma ta fara cijewa, sai ta sa kafaɗa take buɗuwa.

Tsaga ta uku ta fito kwana tara bayan ta biyu, ranar Lahadi. Wannan karon ba a iya ƙetare wurin, sai da Baba ya ɗaura dutse a kan igiya ya jefa mini, muka ja ta miƙe, sannan ya auna igiyar. Ƙafa ashirin. Rabi goma, goma sau goma ɗari, ya zama ɗari uku da sha huɗu da ɗan kai. Ɗaki biyu da rabi, har da ƙari. Daga tsagar zuwa dokin ƙofar Maman Godiya ƙafa biyu ce ta rage. Tana dawowa daga coci da farin ɗankwalinta Baba ya tare ta. Ya ce ta bar ɗakin yau, maza za su fito mata da keke da kaya, ita da Godiya su koma wurin Umma, shi zai riƙa kwana a ɗakin samarin da ke bakin ƙofa. Ta ce kwana dai ta yarda, amma kaya ba za su fita ba. "Baban Hajara, in na kwashe kaya, Oga zai sa kwaɗo ya ce na tashi. Maigida ya dawo ya same mu a ina?" Ga kuma ankon biki a hannunta, riguna goma sha biyu, ranar Alhamis za a karɓa. Teburin yankanta ba zai shiga ɗakinmu ba, waje kuma ruwa. Ta ce ranar Alhamis da yamma ko tsinke ba za ta bari a ciki ba.

A nan ne na yi abin da har yau nake tunawa da nauyin zuciya. Ba wanda ya tambaye ni. Yabon da aka yi ta yi mini ne ya hau kaina. Na ce ai ana iya lissafawa: rabin faɗin ya tashi daga bakwai zuwa goma, ƙafa uku ce, a kwana tara, wato ƙafa ɗaya duk kwana uku. Saura ƙafa biyu, kwana shida ke nan, sai Asabar tsagar za ta kai ƙofa. Maman Godiya ta tafa hannu ta ce, "Ka ji ko? 'Yarka ma ta faɗa. Alhamis na gama." Baba ya dube ni. Sau uku lissafina yana fita daidai a gaban mutane, ya rasa ta inda zai ƙaryata na huɗu. Sai ya shiga ya ɗauko zarton ƙarfe da guduma, ya zagaya bayan ɗakinta ta cikin gonar Umma, ya yanke ƙarafan tagar baya, ya fasa bulo biyu a ƙasanta. Maman Godiya tana ta faɗan Oga zai ce ta ɓata masa gini. Baba ya ce a ce shi ne.

Ranar Talata an tashe mu daga makaranta da wuri domin an gama jarrabawa. Tun safe ake yayyafi marar ƙarfi wanda ba ya tsayawa. Maza duk sun tafi aiki. Ni da Godiya muna zaune a ƙofar ɗakinmu muna tsince waken suya na awarar Umma, Nuhu yana barci a ciki, daga ƙurya kuma keke yana ta ƙara, ana kan riga ta tara. Abin da na fara lura da shi shi ne igiyar Baba ta saki, turaku biyu sun sunkuya ciki. Sai wani sauti kamar ana yaga sabon yadi, dogo, bai tsaya ba. Kafin in miƙe na ga daɓen nan mai shuɗi da fari ya tashi tsaye, ya juya, ya nutse. Ƙasa ta bi shi. Ba ta tsaya a tsaga ta uku ba. Dokin ƙofar Maman Godiya ya tafi, bangon gaba ya tsage daga sama har ƙasa ya zauna cikin ramin, kwanon rufi ya sunkuyo yana kuka. Ƙarar keke ta ɗauke.

Godiya ta yi ihu ta zabura za ta nufi wurin, Umma ta fizgo ta ta wurgar da ita baya, ta ce mu biyo ta. Muka fita ta ƙofar gida da gudu, muka zagaya ta gona muna tattake masara. Ta tagar da Baba ya fasa muka hango ta. Daɓen ɗakin ya karye biyu, rabin gaba ya tafi da keke da teburi, ita kuma tana kwance a kan rabin da ya rage, wanda shi ma ya karkata, ta rungume ƙafar gado, gadon yana ja a hankali. Umma ta zura rabin jikinta ta tagar ta kamo hannunta, matar mai shago ta kama ƙugun Umma, mu kuma muka kama zanin matar muna ja muna kuka. Maman Godiya tana kiran Yesu, Umma tana salati. Da ƙyar ta fito, muka zube gaba ɗaya a cikin kuɓewa. Kwano ya yanke ta daga gwiwa zuwa idon sawu, jini yana bin ruwan sama. Ba mu gama ɗaure ƙafar da ɗankwalin Umma ba muka ji gadon ya tafi.

Kafin la'asar unguwa duka ta cika gidan. An kai ta asibiti a bayan wata motar ɗaukar bulo, aka yi mata ɗinki. Ramin ya cika da jan ruwa, robobi da tsofaffin takalma da ledoji na shekarun da ba mu sani ba suna yawo a kai, tare da yankakkun atamfar anko. Keken ba a sake ganinsa ba. Ni kuwa na shige bayan randa a ɗakinmu na ƙi fitowa. Jira nake a zo a ce ni ce. Da Baba ya dawo na ji ya tsaya a bakin ramin ya daɗe, tef ɗinsa yana aljihu bai fito da shi ba. Sannan ya shigo ya tsuguna a gabana da kayan aikinsa a jiki. Na ce masa na ce kwana shida. Ya ce, "Uwata, lissafinki ya faɗa mana girman abin, bai kuma yi ƙarya ba. Ranar faɗuwarsa ba aikin gawayi ba ne. Ni ne babba, ni ya kamata in ce a'a." Sai da na girma na lura cewa ko a lissafin ma na yi sakaci, domin tsagar tana ƙara sauri ne, ni kuma na ɗauke ta kamar mai tafiya da taki ɗaya.

Maman Godiya ta yi mako biyu a ɗakinmu tana jinya, ƙafarta a kan matashi. Na kasa haɗa ido da ita. Ni nake kai mata ruwan zafi, in ajiye in juya. A rana ta huɗu ta riƙe mini hannu ta ce in zauna, ta ce ko ban yi magana ba ita ba za ta fita ba, taurin kanta ya girme ni. Ta sa na tsefe mata kai. Ban san ko gaskiya ta faɗa ko tausayina ta ji ba. Oga ya zo sau ɗaya, ya tsaya daga nesa, ya ce mai gida ya ce kowa ya tashi kafin ƙarshen wata, za a rushe. Mijinta ya dawo ya tarar da rabin ɗaki. Ba keke, ba wurin zama, ga masu biki sun yi fushi, sai suka yanke shawarar komawa gida. Ranar da za su tafi tana ɗingishi da sanda, Godiya ta ba ni duwatsun carafkenta guda biyar a ƙulle a leda, na ba ta ɗan madubina. Ba waya a hannun kowa a gidan lokacin. Muka ce za mu rubuta wasiƙa, ba wadda ta san adireshin da za ta sa. Mu muka samu ɗaki a wata unguwa ta gaba, sauran ma kowa ya kama gabansa.

Yanzu ina zaune a hawa na biyu a wani bene kusa da kasuwar Gudu. Ruwa ta famfo yake zuwa daga tankin da ke kan rufi, 'ya'yana ba su taɓa jan guga ba, idan an ba su aikin lissafi kuma waya suke tambaya ta ba su amsa kafin su gama karanta tambayar. Baba ya rasu, Umma ta koma Zariya. Bara wata hidima ta kai ni Kubwa, na sa mai adaidaita ya bi da ni ta tsohon layinmu. Gonakin duk sun zama gidaje. Inda gidanmu yake an yi jerin shaguna, an shimfiɗa bulon ƙasa mai kyau a gabansu, wata mata tana zaune tana yi wa 'yarta kitso daidai inda nake zaton wurin ne. Na so in sauka in gaya mata abin da ke ƙarƙashinta, na rasa ta inda zan fara, mai adaidaita kuma yana ta duba agogo. A benen da nake babu abin da ke tsagewa, ƙofofinmu na ƙarfe ne, shekara huɗu ke nan ban san sunan matar da ke ɗakin da ke kallon nawa ba. A wancan gidan mun yi wata guda muna kwana da fargaba, amma mu bakwai ne masu ƙofa, kuma babu wanda ya ji tsoronsa shi kaɗai. Har yau idan na ji ƙarar keken ɗinki a kasuwa sai na leƙa in ga fuskar mai takawa.